BABI NA HUƊU: SIFFAR BAƘON SAMA A ƘAGAGGUN LABARAN KIMIYYA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin samuwar ƙagaggun labaran kimiyya da yadda wannan reshe na zube ya shigo adabin Hausa. Wannan babi kuwa zai duba jigo guda ne wanda mafi yawan marubutan fannin suka taɓa, wato haɗuwar ɗan Adam da wata halitta mai hankali wadda ta fito daga wata duniya. Don sauƙin bayani, za a riƙa kiran irin wannan halitta da sunan baƙon sama. Marubutan da za a kwatanta su biyar ne: H. G. Wells da Arthur C. Clarke na Ingila, da Murray Leinster na Amurka, da Stanislaw Lem na Folan, sai kuma Umaru Dembo, mai littafin Tauraruwa Mai Wutsiya.

Abin da babin ke son nunawa shi ne, tun da babu marubucin da ya taɓa yin ido biyu da baƙon sama, kowannensu ya ɗinka masa riga ne da ƙyallen da ya tarar a gidansu. Ma'ana, ya siffanta shi da irin baƙon da al'ummarsa ta sani a tarihinta, ko dai wanda ya zo mata, ko kuwa ita ce ta zama baƙuwar a ƙasar wasu. Don tabbatar da haka ana bukatar ma'auni wanda mai karatu Bahaushe ya sani, kuma an ɗauko shi daga tarihin unguwannin baƙi na Kano.

4.1 Matsayin Baƙo da Ma'aunin Kwatanci

A wajen Bahaushe baƙo shi ne duk wanda ya zo wuri ba a haife shi a nan ba. Karin magana ta nuna fuskoki biyu na yadda ake kallonsa. Ana cewa, ba baƙo ruwa ka sha labari, wato baƙo yana ɗauke da wani ilmi da ɗan gari ba shi da shi. Ana kuma cewa, baƙo raɓa ɗan gari kaba, wato baƙo mai wucewa ne, bai kamata a sakar masa ragamar gari ba. Tsarin zaman Kano a wajen badala ya nuna yadda waɗannan fuskoki suka tabbata a aikace.

Fagge ita ce tsohuwar unguwar baƙi. Ana danganta kafuwarta da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Zango ce ta ayarin Azbinawa masu kawo gishiri da dabino a kan raƙuma, su koma da hatsi da tufafi. Baƙon Fagge yana da fatoma mai saukar da shi, da dillali mai haɗa shi da mai saye, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan baƙi sun yi aure sun zauna har jikokinsu suka zama Kanawa. A zamanin Turawa Kwarori suka kafa kantunansu a gefen wannan unguwa, inda Kantin Kwari take a yau.

Sabon Gari kuwa dokar Turawa ce ta haife ta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A 1913 aka yanka musu unguwa ta daban kusa da Fagge, aka ajiye ta a ƙarƙashin majistare Bature, sai daga baya aka mayar da ita hannun En'e. Baƙon Sabon Gari ana haɗuwa da shi a kasuwa da tasha, amma kotunsa da makarantarsa da wurin ibadarsa duk daban suke.

Akwai kuma baƙo na uku, wato Bature mai mulki, wanda ya zauna a Nasarawa da Bompai. Shi wannan ba a ba shi masauki ba, da ƙarfin bindiga ya yanka wa kansa. To waɗannan ire-iren baƙi uku, na ciniki da na keɓewa da na mamaya, su ne ma'aunin da za a ɗora littattafan a kai. Ba ana nufin marubutan Turai sun san Kano ba ne. Abin nufi shi ne, tambayar da suke yi game da baƙon sama tambaya ce da Kanawa suka riga suka fuskanta game da baƙon ƙasa.

4.2 Baƙo Mamayi: H. G. Wells

An buga littafin Wells mai suna The War of the Worlds, wato Yaƙin Duniyoyi, a 1898, bayan an fitar da shi kashi-kashi a mujalla a 1897. Labarin ya nuna mutanen duniyar Mas sun faɗo a cikin wasu manyan gangunan ƙarfe a wani fili kusa da garin Woking, kudu maso yamma da Landan. Da farko jama'a suka taru kallo kamar an kawo wasa. Wasu manyan gari, har da wani masanin taurari mai suna Ogilvy, suka ɗaga farar tuta suka nufi ramin don neman magana, nan take baƙin suka ƙone su da wani makami mai feso zafi. Daga nan suka fito cikin motocin yaƙi masu ƙafa uku-uku, suna baza baƙin hayaƙi mai guba, har Landan ta watse. A ƙarshe ba sojan Ingila ne ya ci su ba. Ƙwayoyin cuta na wannan duniya, waɗanda jikinsu bai saba da su ba, su suka kashe su.

Abin lura a nan shi ne, daga farkon littafin har ƙarshensa ba a yi kalma ɗaya tsakanin baƙo da ɗan gari ba. Baƙon Wells bai zo da tafinta ba domin ba ya ganin mutum a matsayin abokin magana. Yana kallonsa ne kamar yadda makiyayi ke kallon dabbar yanka, tun da jinin mutane ne abincinsa. Tun a babin farko marubucin ya tunatar da 'yan'uwansa Ingilishi abin da Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya, waɗanda aka kusa shafe su daga doron ƙasa. Ke nan Wells ya juya madubi ne, ya sa mai mamaya ya ɗanɗana mamaya a ƙofar gidansa.

Idan aka ɗora wannan a ma'auni, za a ga ya yi daidai da baƙo na uku. Shekara biyar bayan fitowar littafin, ranar 3 ga Fabrairu 1903, rundunar Kanar Morland ta ci Kano da igwa da bindiga mai ruwa, a lokacin Sarkin Kano Alu yana Sakkwato. Badalar da aka daɗe ana taƙama da ita ba ta tsare garin ko na yini ɗaya ba, kamar yadda igwogin Ingila suka kasa tsare Landan a labarin. Sai dai ƙarshen labarin ya saɓa da tarihi. A Afirka ta Yamma zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana kashe Turawa, amma tun daga tafiyar Baikie a kogin Kwara da Binuwai a 1854 aka tabbatar cewa kwinin na kare su. Wato rahamar da Wells ya yi wa Landan a takarda, Kano ba ta same ta a zahiri ba.

4.3 Baƙo Mai Riƙon Ƙwarya: Arthur C. Clarke

Littafin Clarke mai suna Childhood's End, wato Ƙarshen Ƙuruciya, ya fito a 1953. A nan ma baƙin sun zo da ƙarfin da ba a iya ja da shi, domin kumbunansu sun tsaya cak a saman manyan biranen duniya. Amma ba su rushe gari ko ɗaya ba. Shugabansu mai suna Karellen ya yi magana da Ingilishi mai kyau ta rediyo, ya hana yaƙi, ya hana zaluntar mutane da dabbobi, ya bar kowace ƙasa ta ci gaba da tafiyar da harkokinta na cikin gida. Mutane suka raɗa musu suna mai ma'anar iyayengiji.

Hanyar mulkinsu ita ce abin sha'awa ga mai nazari a ƙasar Hausa. Karellen ba ya fitowa bainar jama'a. Mutum ɗaya yake ganawa da shi, wato Stormgren, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ma ta bayan wani gilashi mai duhu, Karellen na ganinsa, shi ba ya ganin Karellen. Stormgren ne ke sauko da umarni, shi ne kuma ke shan zagin masu neman 'yanci. Wannan ya yi kama ƙwarai da tsarin da Lugga ya shimfiɗa bayan 1903, lokacin da ya naɗa Abbas sarautar Kano. Razdan yana Nasarawa yana ba da shawarar da ba a ƙetarewa, talaka kuwa fuskar sarki da hakimi da dagaci kawai yake gani. Clarke ya rubuta littafin ne shekara shida bayan Ingila ta bar Indiya, saboda haka tambayar da ke cikinsa ta zamaninsa ce: shin mulkin baƙo yana halatta idan ya kawo zaman lafiya da wadata?

Marubucin bai amsa da sauƙi ba. Bayan shekara hamsin baƙin suka bayyana kansu, sai ga su da ƙaho da fukafukai da wutsiya, siffar da Turawa ke zana Shaiɗan da ita. Duniya ta yi arziki, amma fasaha da ƙirƙira suka yi sanyi, domin ba wanda ke ganin amfanin ƙoƙari a gaban wanda ya fi shi komai. A ƙarshe ta bayyana cewa an aiko su ne su yi renon 'ya'yan mutane har su rikiɗe su shiga wani babban hankali na sararin sama, su bar iyayensu a baya. Su kansu baƙin 'yan aike ne, ba za su taɓa kai wa wannan matsayi ba. Iyayen da suka ƙi kai 'ya'yansu makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 za su gane wannan tsoro, wato baƙo ya bar maka gonarka da sarautarka amma ya tafi da tunanin ɗanka.

4.4 Baƙo Abokin Ciniki: Murray Leinster

Gajeren labarin Leinster mai suna First Contact, wato Haɗuwar Farko, ya fito a wata mujallar Amurka a 1945. Ya bambanta da biyun farko domin ba a garin kowa aka haɗu ba. Kumbon mutane da kumbon baƙi sun yi kiciɓis ne a wani gajimaren taurari mai nisa da ake kira Kaguwa, kuma ƙarfinsu ya zo ɗaya. Sun yi dabara suka haɗa na'urar fassara, suka fahimci juna, har wani matashi mai suna Tommy Dort ya ƙulla abota da takwaransa na ɗaya kumbon. Matsalar ita ce, kowane ɓangare yana son ciniki da musayar ilmi, amma yana tsoron idan ya juya gida ɗayan zai bi sawunsa ya gano garinsu ya kawo yaƙi. Saboda haka kowa ya ga kamar dole ne ya hallaka wanda ba ya ƙi. Mafitar da suka samu ita ce musayar kumbo. Kowa ya cire taswira da makamai da na'urar bin sawu daga nasa, ya miƙa wa ɗayan, ya koma gida da na baƙo, aka kuma sa ranar sake haɗuwa a wuri guda.

Wannan shi ne baƙon Fagge, amma an rasa wani abu guda. A zango, amana ba ta rataya a kan baƙo da ɗan gari su kaɗai ba. Fatoma ne ke tsaya wa baƙo, dillali ne ke shaida ciniki ya karɓi la'adarsa, sarki kuma yana sama da su duka idan an ci amana. A sararin da Leinster ya zana babu na uku, shi ya sa kumbon kansa ya zama jingina. Ke nan labarin ya nuna cewa fahimtar harshe ba ta isa ta haifar da amana ba, sai an sami abin da kowa zai riƙe.

Ba kowa ya yarda da Leinster ba. Wani marubucin Tarayyar Sobiyet ta wancan lokaci, Ivan Yefremov, ya mayar masa da martani da wani labari da aka buga a 1959, inda taurarin labarin suka tattauna labarin Leinster suka kushe shi. A ganin Yefremov, duk al'ummar da ta kai ga tafiya tsakanin taurari ta riga ta wuce zargi da yaƙi. Wannan saɓani ya ƙara ƙarfafa hujjar wannan babi, domin kowannensu ya ɗora wa baƙon sama aƙidar ƙasarsa ne.

4.5 Baƙon da Aka Kasa Ganewa: Stanislaw Lem

Solaris, littafin Lem, ya fito a 1961 cikin harshen Folan. A nan mutane ne suka je, suka kafa tasha a saman wata duniya mai rana biyu wadda wani teku mai rai ya lulluɓe. Masana sun shafe shekaru masu yawa suna nazarin tekun, sun cika ɗakin karatu da littattafai, sun raɗa wa kowane motsinsa suna, amma ba su san ko yana sane da su ba. Bayan sun harba masa wani haske mai ƙarfi, sai ya fara aiko musu da wasu mutane waɗanda ya ƙera daga abin da kowannensu ya ɓoye a zuciyarsa. Tauraron labarin, Kris Kelvin, ya farka ya tarar da matarsa wadda ta kashe kanta shekaru da suka wuce tana zaune a ɗakinsa. Mazauna tashar suna kiran waɗannan halittu da kalma mai ma'anar baƙi. Har littafin ya ƙare ba a san ko kyauta ce tekun ya yi musu, ko azaba, ko gwaji ba.

Manufar Lem ita ce, ɗan Adam yana fita neman baƙo amma hoton kansa yake son gani, kuma raɗa wa abu suna ba shi ne saninsa ba. Lem ya ga mamayar Sobiyet a 1939 da ta Jamus a 1941 a garin haihuwarsa, saboda haka ba abin mamaki ba ne da ya kasance mai ƙarancin fata game da fahimtar juna.

A ma'aunin wannan babi, Solaris ya fi kusa da zaman Sabon Gari da maƙwabtanta a zamanin Turawa: kusanci na jiki ba tare da sanin juna ba. Misali ɗaya ya isa. Ana cewa sunan da Hausawa suka daɗe suna kiran Ibo da shi ya samo asali ne daga kalmomin da suke furtawa a harshensu idan suna roƙon ruwan sha. An ji sautin, an mayar da shi suna, alhali maganar ruwa ce, ruwan da karin magana ta ce a ba baƙo don a sha labari. Kowane ɓangare ya cika gurbin abin da bai sani ba da abin da yake tsoro. A watan Mayu na 1953, shekarar da littafin Clarke ya fito, rikicin siyasa kan batun mulkin kai ya rikiɗe ya zama faɗa na kwana huɗu a tsakanin Sabon Gari da Fagge da cikin birni, aka yi asarar rayuka, haka kuma aka sake yin wanda ya fi shi muni a 1966. Bambancin kawai shi ne, tekun Lem ba shi da bakin magana, su kuwa waɗannan maƙwabta suna da Hausar kasuwa a tsakaninsu.

4.6 Baƙo Malami: Umaru Dembo

Kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, kuma manazarta sukan ambace shi a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko a Hausa. Labari ne na wani yaro mai suna Kilba wanda ya haɗu da wata halitta ta sama mai suna Ƙolin-Ƙoliyo, ta ɗauke shi a cikin abin hawanta ta nuna masa abubuwan mamaki.

Zamanin da littafin ya fito zamani ne da maganar sama ta cika kunnuwan mutane. Jiragen sama sun fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. A farkon shekarun 1960 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta kafa tashar bin sawun kumbo a kusa da Kano, kuma tana cikin tashoshin da suka yi magana da John Glenn lokacin da ya kewaya duniya ranar 20 ga Fabrairu 1962. A watan Yuli na 1969 kuma aka sauka a kan wata. Saboda haka ɗan makarantar da ya karanta littafin yana jin labarin kumbo a rediyo, abin da ya rage shi ne ya ji shi cikin harshensa, da yaro irinsa a ciki.

Abubuwa uku suka raba Dembo da sauran marubutan. Na farko, baƙonsa ya zo wa yaro ɗaya ne, bai zo wa gwamnati ko runduna ko masana ba. Wannan ya sa haɗuwar ta zama ta malami da almajiri, ba ta ƙasa da ƙasa ba. Na biyu, da zarar an tashi sama sai matsayi ya juya: Kilba ne ya zama baƙo, Ƙolin-Ƙoliyo ya zama mai masauki kuma ja-gora, irin aikin da fatoma ke yi wa baƙon Fagge. Na uku, an raɗa wa baƙon suna na Hausa tsantsa, mai nuna matuƙar tsayi, ba suna mai wuyar faɗa irin Karellen ba. Haka kuma sunan littafin kansa abin lura ne. A al'ada ana yi wa tauraruwa mai wutsiya kirari da cewa ganinta ba alheri ba ne, domin ana ɗaukarta alamar yunwa ko yaƙi ko mutuwar babban mutum. Dembo ya ɗauki sunan abin tsoro ya ɗora shi a kan labarin neman sani.

Dalilin wannan sauƙin hali yana cikin adabin Hausa da ya gabata. Mai karatu Bahaushe bai taɓa ɗaukar ɗan Adam a matsayin halitta mai hankali ita kaɗai ba. Addini ya tabbatar masa da samuwar aljanu, kuma akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunansu. A tatsuniya aljani kan ɗauki mutum ya kai shi wata duniya, a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito a 1934, taurarin sun yi hulɗa da aljanu a ƙasashensu. Girgizar da Wells da Clarke suka gina labaransu a kai, wato mutum ya gano ba shi kaɗai ba ne, ba ta da ƙarfi sosai a nan. Abin da Dembo ya yi shi ne ya riƙe tsohon zubin tafiya zuwa duniyar mamaki, ya cire sihiri ya sa na'ura a gurbinsa.

4.7 Kamanci da Bambanci

Idan aka jera littattafan, za a ga muhimmin abin da ya raba su shi ne samuwar mai shiga tsakani. A wajen Wells babu shi, kuma waɗanda suka gwada an ƙone su. A wajen Clarke akwai shi, amma na baƙo ne, saƙo daga sama yake saukowa kawai. A wajen Leinster an sami tafinta amma ba a sami mai tsayawa ba, sai aka yi jingina. A wajen Lem baƙin da tekun ya aiko sun zo kamar 'yan aike, amma su kansu ba su san saƙon da suke ɗauke da shi ba. A wajen Dembo baƙon da kansa ne ya ɗauki aikin.

Ta fuskar ƙarfi kuwa, Leinster kaɗai ya daidaita ɓangarorin biyu. Sauran huɗun duk sun fifita baƙo. Sai dai marubutan Ingila biyu, waɗanda ƙasarsu ta mallaki wasu, sun kalli fifikon baƙo ta fuskar mulki, Dembo kuwa, wanda ya yi rubutu shekara tara bayan samun mulkin kai, ya kalle shi ta fuskar ilmin da ya kamata yara su nema. Wannan ƙarfi ne, kuma rauni ne a lokaci guda. Zubi irin na malami da almajiri ya dace da wayar da kan yara, amma ba ya ba da fili a yi tambayar da Clarke ya yi, wato mene ne kuɗin wannan karatu, kuma wa zai biya.

4.8 Naɗewa

Wannan babi ya kwatanta yadda marubuta biyar suka siffanta baƙon sama, ta yin amfani da ire-iren baƙi uku da tarihin Kano ya sani. An ga baƙon Wells da na Clarke sun dace da baƙon Nasarawa, ɗaya a ranar yaƙi ɗaya a shekarun mulki. Na Leinster ya dace da baƙon Fagge, na Lem kuma da keɓewar da aka ɗora wa Sabon Gari. Na Dembo ya haɗa al'adar saukar baƙo ta zango da zubin labaran aljanu. A yau Fagge da Sabon Gari suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya, kuma da yawa daga mazauna Sabon Gari a nan aka haife su har da iyayensu, amma ana ci gaba da kiransu baƙi. Wannan ya nuna jigon bai tsufa ba, kuma marubucin Hausa da zai koma kansa yana da kayan aiki a ƙofar gidansa. Babi na gaba zai duba salon sarrafa harshe a Tauraruwa Mai Wutsiya, musamman yadda aka samar da kalmomin kimiyya a cikinsa.